Ranar da Na Shiga Gaban Toku-san a Rafin Kurumi

Litinin, 20 ga Mayu

Ruwa digiri goma da safe, sha biyu da rana. Ya ja baya da kamu guda daga makon jiya. Ƙanƙarar kan duwatsu ta kusa gama narkewa, kogi ya fara yin garau. Furen fuji ya buɗe a bakin gada, ke nan kifi ya fara ɗago kai yana cin ƙwari a saman ruwa. Na rubuta a allon ƙofar shagona na kayan kamun kifi: ƙugiya mai gashi ruwan toka, lamba sha huɗu. Gaskiya sha shida suke ci. Sha huɗun ce ta cika mini akwati. Ba ƙarya ce sosai ba, ai ba a rasa kifi mai haɗama.

Shugaba Kitamura ya bugo daga Osaka, mai kamfanin kwalayen nan da bara ya saye rabin kayan shagon. Laraba yake so in raka shi kamun kifi, kuma Rafin Kurumi yake so, don na taɓa cika masa baki a kansa. Na ce an gama.

Ina ajiye waya sai ga Toku-san ya dawo daga kasuwar safe da awara a leda. Shekara tamanin da ɗaya, har yau "Gen-bo" yake ce mini kamar ina ɗan firamare, ni da furfura ta cinye mini kai. Shi ya koya mini ɗaura gashi a ƙugiya, shi ya fara sa ni a ruwa. Ya karanta allon, ya ce, "Sha huɗu? Maƙaryaci." Muka yi dariya. Sai ya ce Laraba zai hau Kurumi. Wai matarsa Kiyo-san da ɗansu na Nagoya sun sa shi gaba ya daina shiga rafi, ya mayar wa hukuma lasin tuƙi. Sun yi yarjejeniya: in ya kamo, su rufe masa baki har kaka. In ya dawo hannu wofi, su ne da gaskiya.

Ban ce masa komai game da Shugaba ba. Tsoho ne, sai rana ta fito yake fita. Zan riga shi, in na riga shi kuwa ba wanda zai ce na yi laifi.

Laraba, 22 ga Mayu

Ruwa sha ɗaya, garau, ba iska. Shugaba ya kama sha ɗaya. Ba ni da abin rubutawa.

Alhamis, 23 ga Mayu

To bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Biyar saura muka isa bakin Kurumi. Farar akori-kurarsa na nan a fake, injin ma ya huce. Tsohon da na ce ba ya sammako.

Kowa a garin nan ya san dokar, ba sai an rubuta ta a takarda ba. Ƙaramin rafi, wanda ya riga shi ke da shi ranar. Ana hawa ne daga ƙasa zuwa sama, kuma kifin yamame in ya ga inuwar mutum sau ɗaya ya shige ƙarƙashin dutse, sai gobe. Wanda ya kewaya ya shiga gabanka ya kashe maka yini ke nan. Na sha korar 'yan birni daga shagona a kan wannan. Na taɓa ƙin sayar wa wani ko zare.

Na ce wa Shugaba mu koma babban kogi. Ya tsuke fuska, ya ce awa huɗu ya tuƙo. "Shimode-san, ni da na ɗauka kai ne mai garin?" Ya ambaci shagon Furukawa, wai su ma suna raka mutane. Wannan ce ta shige ni.

Na san hanyar masu yankan katako. Muka kewaya da mota ta bayan tudu, muka gangaro daidai saman ƙaramar magangarar ruwa, inda gurabe masu kyau suka fara. Toku-san na can ƙasa, da irin tafiyarsa sai ya yi awa biyu kafin ya iso.

Da iyakar abin ke nan, da na ce kuskure ne. Amma na san yadda yake gane an riga shi. Yana duba saƙar gizo-gizo da ke gitta rafi, in a yage take to mutum ya wuce. Yana duba busassun duwatsu ko akwai jiƙaƙƙen sawu. Don haka na cire ƙararrawar da muke ratayawa don korar dabbar beyar daga jakata na cusa a safa. Na sa Shugaba ya riƙa sunkuyawa ƙarƙashin kowace saƙa, kada kuma ya taka dutsen da ba a ruwa yake ba. Shi abin dariya ya ba shi, wai kamar ɓarayi a fim. Gurbi bayan gurbi muka share, muka fice ta sama kafin sha ɗaya.

Na yi aikin da kyau. Abin da ke damuna ke nan, har yanzu akwai wani gefe na zuciyata da ke yaba wa kansa.

Asabar, 25 ga Mayu

Ruwa sha biyu. Ƙwari masu manyan fikafikai sun fara tashi da yamma.

Toku-san ya zo wajen goma, shago ba kowa. Ya ɗora wani dogon abu a kan kanta, naɗe a tsohon ƙyalle shuɗi. Ban buɗe ba na san mece ce. Sandarsa ta kamun kifi, ta gora, wadda ko taɓa ta bai bari na yi ba shekara arba'in.

Na fara surutu irin nawa, wai ko gyara take so, ko mahaɗin ya saki. Ya ce, "Taka ce."

Abin da na riƙe daga maganarsa: "Saƙa tana nan lafiya, Gen-bo. Duwatsu a bushe. Ba wanda ya riga ni. Ƙwari na tashi kamar hayaƙi. Daga magangara har sama, ko ɗaya bai taso ya duba ƙugiyata ba." Ya ɗaga hannunsa na dama yana kallo kamar na wani ne. "Ina jin yanzu faɗo da ita nake yi kamar dutse, ni ne ban sani ba. Ko idon ne. Mutum shi ne na ƙarshen sani."

Na ce kifi yana da ranakunsa. Na ce wataƙila sanyi ne. Ya ce, "Digiri sha ɗaya, kai ka rubuta a allo." Ya ce ɗansa zai zo ran sha biyu ga Yuni su je a mayar da lasin, akori-kurar kuma a ba wani ɗan'uwa.

Na sunkuya na karɓa da hannu biyu. Har na ce ban cancanta ba. Ya ɗauka ladabi ne.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na sa sandar a saman kabad. Na sauke, na sa a bayan labule. Matata Sumie ta ce me ya sa nake yawo da ita a gida kamar gawar da ba a san inda za a binne ba.

Talata, 28 ga Mayu

Yayyafi, ruwa ya ɗan yi launin shayi, irin wanda kifi ke so. Ban fita ba.

In aka duba da kyau, wa na cuta? Tamanin da ɗaya. Bara ya zame ya fasa gwiwa. Kurumi ba ta da layin waya, in ya faɗi sai an tsinci akori-kura kafin a tsince shi. Ƙila ma ransa na ceta. Kiyo-san ta samu abin da take so, ɗan ya samu, Shugaba ya samu, ya turo mini hoto da kifin a hannu yana washe baki. Mutum ɗaya ne kawai, kuma dama ko ba bana ba baɗi ne.

Na karanta abin da na rubuta. Da wani ya zo shago ya kawo mini wannan, da na ce ya iya talla.

Alhamis, 30 ga Mayu

Na haɗu da Kiyo-san a rumfar Mitsue mai awara. Ta rame. Ta ce tun ranar bai taka ko lambu ba, yana zaune gaban talabijin, in ta kashe ma bai sani ba. Rabin kwano yake ci. Ta ce, "Shekara goma ina roƙon ya daina. Ga shi ya daina, ni kuma ban san wane ne wannan da ke zaune a ɗakina ba."

Mitsue ta ce, "Gen-san, kai da bakinka ke sayar wa makaho madubi, je ka yi masa magana mana." Na ce ina tunani. Ta ce, "Kai da tunani? Yau awara za ta yi tsami."

Ina tunanin kuwa. Abin da yake bukata shi ne ya kama kifi. Ba lallai sai ya san dalilin da ya sa bai kama ba. Biyun ba ɗaya ba ne. In na kai shi Kurumi kifi ya ci, shi ke nan, ya karɓi sandarsa, kowa ya riƙe mutuncinsa. Matsalar ita ce in muka je bai kama ba, yanzu da tsoro ya shige shi. Sai dai a tabbatar.

Juma'a, 31 ga Mayu

Na je gonar kifin da ke can ƙasan kwari, ba ta nan kusa ba, kada a gan ni. Yamame ashirin, masu rai. Na ce na gidan abinci ne.

Na je wurin Toku-san da yamma. Na ce sandar ta fi ƙarfina, in na wurga zaren taruwa yake yi, ya zo Lahadi ya nuna mini sau ɗaya kawai, ba kamun kifi ba, koyarwa. Ya ƙi. Na ce to sai in sayar wa Shugaban Osaka, shi ya rataye ta a ofis. Ya zabura kamar na mare shi. "Lahadi. Ƙarfe bakwai. Sakarai."

Asabar, 1 ga Yuni

Na goya su a bokiti mai murfi har magangara, sawu biyu. Gurbi huɗu, biyar-biyar. Bayana kamar zai tsinke. Wannan ma ai wani irin biyan laifi ne.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ruwa sha uku, rana da gajimare, ƙwari tun takwas. Ranar da ta fi kowace kyau a bana.

A motata muka je. A bakin gurbin farko na yi wurgin banza sau biyu da gangan, ya kasa daurewa, ya fizge sandar. Hannun ba abin da ya same shi. Ƙugiyar ta sauka kamar ƙurar auduga, daidai inda kumfa ke juyawa. Wurgi na uku kifi ya ɗauka.

Na ga fuskarsa. Na yi daƙiƙa biyar ina jin ni ne mafi wayon mutum a lardin nan.

Ya jawo shi cikin 'yar raga, ya durƙusa, ya jiƙa hannu ya juya shi. Ya daɗe. Ya buɗe wutsiyar da yatsa. Gefenta a cinye, ta yi mulmul kamar tsohuwar tsintsiya. Fiffiken ƙirji guntu. Tambarin gefen jikinsa a koɗe. Na sani, ni ma na sani, ina nuna wa masu saye bambancin a hoto. Na ɗauka murna za ta rufe masa ido.

"Wannan a tankin siminti ya girma."

Na ce ƙila ruwa ne ya kawo shi daga babban kogi. Ya ce, "Ya hau magangara da wannan wutsiyar?" Ya kalle ni. "Nawa ka zuba?"

Na ce ashirin.

"Tun kakana ba a taɓa zuba kifin gona a Kurumi ba. Na cikinta nata ne." Ya miƙo mini sandar. "Ka fitar da su, duka, kafin su haɗu da na gida. Saura sha tara."

A mota ya ce abin da ya fi zafi, kuma a hankali ya faɗa. "Da na ɗauka ni kaɗai na san na ƙare. Ashe har kai ka gani, har ka fara ba ni a baki kamar jariri. Na gode da tausayin. Kada ka ƙara."

A nan ya kamata in faɗa. Bakina ya buɗe. Na ce masa ya yi haƙuri da ramukan hanya.

Talata, 4 ga Yuni

Sumie ke riƙe da shago, ni ina Kurumi. Jiya takwas, yau biyar. Wawaye ne, ko ganye ka jefa za su ci. Saura shida.

Laraba, 5 ga Yuni

Huɗu. Saura biyu, sun fara wayo.

Labari ya zaga kasuwa, ba ta bakinsa ba, ta bakin Kiyo-san. Kuma ba yadda na zata ba. Yanzu ni ne mutumin kirki. Wawa, amma mai zuciya. Mitsue ta ƙara mini yanki ɗaya kyauta, ta ce, "Ashe akwai mutum a cikin rigar nan." Tsofaffin da ke shan shayi a shagona sun yi mini tsiya a kan wutsiya, sannan ɗaya ya dafa kafaɗata. Shugaban ƙungiyar masunta ya ce zai kau da kai tunda ina kwashe su, kuma niyyar mai kyau ce.

Da rana Kiyo-san ta kawo shinkafa naɗe a ganyen itacen hoba, guda goma, da hannunta ta yi. Ta sunkuya har ƙasa. Ta ce ko ɗan cikinsa bai yi masa haka ba.

Shekara talatin ina neman garin nan ya ce ni mutumin kirki ne. Ban iya cin ko ɗaya ba.

Alhamis, 6 ga Yuni

Sumie ta ajiye mini shayi ta zauna, abin da ba ta yi a shago. Ta ce, "Shekara talatin da huɗu ina aurenka. Ba ka taɓa ɗaukar bokiti don tausayi ba. Me ka yi masa?"

Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce ranar Larabar nan ta ga ƙararrawa a cikin safa da ta zo wanki, ta ɗauka hauka ne ya fara.

Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Sha biyu ga wata, ranar mayar da lasinsa, Laraba ce." Ta tashi ta je ta sallami mai sayen zare.

Rediyo ya ce damina za ta kankama Talata ko Laraba. In ta sauka, Kurumi laka ce har mako uku. Ke nan Asabar, Lahadi, Litinin.

Na lissafa abin da zai biyo baya. Ba mai sayen ƙugiya a hannun wanda ya shiga gaban malaminsa. Masu shayi za su koma Furukawa. A garin da kowa ya san kakan kowa, wannan ba ya wankuwa, da shi za a binne ni. In na yi shiru kuwa, ba mai sani har abada, Sumie ba za ta faɗa ba. Kallona kawai za ta riƙa yi.

Juma'a, 7 ga Yuni

Na kama ɗaya. Na ƙarshen ya ɓace, ko tsuntsu ya ɗauke. Na tuƙa har ƙofar gidan Toku-san, na wuce, na sayi mai da ba na bukata.

Asabar, 8 ga Yuni

Ruwa sha huɗu. Iska daga kudu.

Na je gidansa da hantsi. Yana zaune a dakalin katako ta gefen lambu, ya baje akwatin gashinsa, na zakara da na fakara, yana zubawa a jakar shara. Ban shiga ta ƙofa ba, na tsaya a kan tsakuwa. Na shirya jawabi a mota, mai gabatarwa da dalilai, har da gwiwarsa ta bara. Da ya ɗago kai duk ya gudu. Na durƙusa, na ce, "Toku-san, ranar Laraba an riga ka. Ni ne. Da baƙo. Daga magangara har sama."

Kiyo-san na cikin ɗaki, na ji ta daina wanke kwano.

"Motata ba ta nan?"

Na ce tana nan. Na gan ta.

"Saƙar fa?"

Na ce mun sunkuya.

"Duwatsun?"

Na ce ta cikin ruwa muka bi.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni na koya maka duba su." Na ce haka ne. Goshina na kan tsakuwa, ina ganin takalmin gidansa kawai.

Sai na ji ya ce, "Nawa ya kama?"

Sha ɗaya.

"Shi ɗin ya iya?"

Na ce ko kusa. Yana dukan ruwa kamar mai wanki.

"Da wace ƙugiya?"

Na ce sha shida, ruwan toka.

"Ita na ɗaura." Ya faɗa ba da ni yake ba. Ya sake faɗa. "Ita na ɗaura tun safe."

Na ɗago, na fara cewa duk abin da ya ga dama ya yi mini. Ya katse ni. Bai ɗaga murya ba. "Shimode-san." Tunda aka haife ni bai taɓa kirana haka ba. "Ka kawo mini sandata yau. Ka jingine a ƙofa. Kada ka buga, kada ka shigo."

Kiyo-san ta fito, ta tsaya a bayansa. Ta ce, "Ka ci shinkafar?" Na ce a'a. Ta ce, "Gara."

Na kai sandar kafin azahar.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ba wanda ya zo shan shayi. Na dafa cikakkiyar buta kamar kullum, na zubar.

Litinin, 10 ga Yuni

Kasuwa ta ji. A rumfar Mitsue mata uku suka yi shiru da na iso. Ta yanka mini awara daidai, ba ƙari, ta ce, "Ka sunkuya da kyau in za ka fita, akwai saƙa a bakin rumfar." Suka kwashe da dariya. Na yi dariyar ni ma, me zan yi. Ƙungiya ta aiko a ce in dakata da sayar da takardar izinin kamun kifi har su zauna.

Na so in tambayi Mitsue ko Toku-san ya fita. Ban da fuskar tambaya.

Gajimare ya taru a kan dutsen yamma tun la'asar.

Laraba, 12 ga Yuni

Ruwan sama tun jiya da rana, bai tsaya ba. Kogi ya hau kamu huɗu, launin miya. Na ga motar ɗan Toku-san mai lambar Nagoya ta wuce da safe, ta koma da yamma. Ban ga ko da mutum nawa a ciki ba, gilashi ya yi hazo.

Juma'a, 14 ga Yuni

Ruwa har yanzu. Ba a shiga.

Kiyo-san ta zo da laima, ba ta zauna ba. Ta ɗora ƙunshin ganyen gora a kanta. Yamame ne guda ɗaya, an sa masa gishiri, ƙarami, da ƙyar ya wuce girman da doka ta yarda. Wutsiyar kaifi biyu kamar almakashi, tambarin gefe baƙi ƙirin. Na Kurumi.

Ta ce Litinin ya hau, tun huɗu na asuba, shi kaɗai. Bakwai ya kama, ya saki huɗu. Ranar Laraba sun yi ta cacar baki da ɗan har maƙwabta suka ji, lasin yana aljihunsa, ɗan ya koma da fushi. Ta ce yanzu ita ta koma zaman jiran ƙarar akori-kura da zuciya a hannu, kuma kada in zaci za ta gode mini.

Na ce ko ya ce wani abu.

"Ya ce a ba kyanwarka."

Na ce ai ba mu da kyanwa.

"Ya sani."

Sumie ta gasa shi da rana. Ta ce mu raba, na ce a'a, ni aka aiko wa. Na cinye har kai da ƙaya.

Shugaba ya bugo da yamma, yana son ranar farko da ruwa zai ja, da abokai biyu. Na ce na daina raka mutane, baya ne ya matsa mini, likita ya hana. Ya ce to zai nemi Furukawa. Na ba shi lambarsu.

Bayan nawa ya warke tun Talata. Amma irin wannan ciwon yana dawowa, gara a yi hattara.